Lambar Mai Aski a Katin Asibiti

Shekara goma sha ɗaya Mai Aski yana yi wa Injiniya aski, amma da za a tsare shi a ce ya nuna ƙofar gidan mutumin, da sai dai ya tsaya yana rarraba ido. Ya san inda sanƙonsa ya faro, ya san tabon da ke bayan kunnensa na hagu, ya san ƙungiyar ƙwallon da yake karewa ko da an zura mata biyar. Gida kuwa bai taɓa tambaya ba, don ba abin da ya taɓa kai shi. Duk bayan sati biyu, ranar Asabar, Injiniya zai shigo shagon, ya tura jakar kayan aikinsa ƙarƙashin benci, ya ce, “Ina mai ɓata kan mutane?” Mai Aski ya ce, “Ga shi nan yana jiran mai ɓata famfon mutane.” Ba injiniyan makaranta ba ne. Gyaran famfo da injin jan ruwa yake yi, sunan ne ya bi shi har ya danne na gaskiya.

Asabar ɗin da abin ya faru, Injiniya ya shigo bai tsokani kowa ba. Ya zauna a kujera, aka yafa masa ƙyalle, sai Mai Aski ya ga ƙyallen yana rawa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan mutumin, ya ji shi zau kamar dutsen guga.

“Kai, da wannan jikin ka zo aski?”

“Zazzaɓi ne. Yau kwana tara yana zuwa yana tafiya. Yi aikinka.”

Bai kai ga kunna injin askin ba Injiniya ya sulale gefe, idanunsa suka kakkafe. Mai Aski ya tare shi da ƙirji, ya ƙwala wa maƙwabta kira, ya buga wa ƙanensa waya. Ƙanen nan direban tasi ne, gemunsa har ya fara furfura, amma har yau Auta ake ce masa a gida da waje. Su biyu suka kai shi asibiti. A tagar yankan kati, matar da ke rubutu ta nemi suna da adireshi. Mai Aski ya laluba aljihun Injiniya ya ciro katin shaidarsa, ta kwafa. Ta ce, “Lambar waya?” Wayar Injiniya ba caji, ga layi a bayansa har bakin ƙofa. Sai ya karanto mata tasa.

Da yamma 'yar Injiniya ta iso, bayan wata nas ta sa wayar a caji ta lalubo ta. Doguwa ce mai tabarau. Ta durƙusa ta yi masa godiya har sau uku, tana ce masa Kawu. Ya ce ba komai, Allah ya ba shi lafiya, ya tafi. Washegari ya koma dubiya da lemo da ayaba, ya tarar da Injiniya zaune da ƙarin ruwa a hannu, yana yi wa na gadon kusa bayanin abin da ya sa famfon banɗakinsu yake ɗiga. Ranar Talata da ya sake leƙawa, wani ne a gadon. Nas ta ce ai tun jiya aka sallame shi, zazzaɓi ya sauka. Mai Aski ya yi hamdala, ya cire abin daga ransa.

Ranar Alhamis, wajen ƙarfe goma na safe, yana tsakiyar yi wa wani tela aski, wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, tana magana da sauri. Ta ce ita likita ce daga asibiti, ta ambaci wani suna, ta tambaya ko ɗan'uwansa ne. Sai da ya yi jim kafin ya gane sunan Injiniya ne na gaskiya.

“Ni mai askinsa ne, Likita. Ni na kawo shi.”

“To Baba, ka saurare ni da kyau. Ranar da aka kawo shi an ɗebi jininsa don wani gwaji da ba ya fitowa nan take. Ajiye jinin ake yi kwana biyu ko uku a ga ko akwai ƙwayar cuta a ciki. To akwai. Irin wadda take maƙalewa a cikin zuciya ce, kuma maganin da aka ba shi ya tafi da shi gida ba ya kashe ta. Allura yake buƙata ta jijiya, a nan asibiti, yau. Ba gobe ba.”

Mai Aski ya kashe injin. “In ba a yi ba fa?”

“Tana iya ɓallewa ta bi jini ta toshe wata hanya a ƙwaƙwalwa. Ko zuciyar ta gaza.”

“Yanzu sakamakon ya fito?”

Ya ji tana juya takarda.

“Tun ranar Talata.”

“Yau fa Alhamis, Likita.”

“Na sani, Baba. Likitan da ya nemi gwajin an mayar da shi wani sashe ranar Litinin. Takardar ta zo ɗakin ta tarar an sallami mai ita, aka ajiye ta a tire, kowa yana ganin aikin wani ne ya kira. Ni ma wata takardar nake nema na ci karo da ita. Lambarka kaɗai ce a kan katin. Ka san gidansa?”

Mai Aski ya ce bai sani ba. Ya ce ta karanto masa adireshin da aka kwafa, ya rubuta shi da biro a bayan hannunsa. Telan da ke kujera ya dubi madubi, rabin kansa a aske, rabi da gashi.

“Malam, haka zan fita?”

“Sa hularka, ba mai gani. In ka tashi ka ja mini ƙofar.”

Akwai lambar Injiniya a wayarsa, tun shekarar da famfon shagon ya fashe. Ya kira, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya buga wa Auta ya ce ya zo maza. Sau shida ya kira lambar Injiniya kafin Auta ya iso, bayan ya sauke fasinjojinsa a hanya da ban haƙuri. Da ya ji bayani, ya girgiza kai ya ce, “Haba Yaya. Shekara goma sha ɗaya kana riƙe da kan mutum, ba ka san inda yake kwantar da shi ba?” Da wata rana ce da Mai Aski ya mayar masa. Yau kuwa shiga motar kawai ya yi, Auta ya dubi fuskarsa sau ɗaya ya ja mota.

Adireshin ya kai su wani tsohon gida a can ƙarshen layi, ƙofarsa koriya duk fentin ya ɓare. Wata tsohuwa ce ta amsa sallamar, tana riƙe da tsintsiya.

“Mai gyaran famfo? Ayya. Ai tun rasuwar matarsa suka tashi, shi da 'yar. Ya kai shekara bakwai.”

“Ina suka koma, Inna?”

“An ce can hayin gada.”

“Wace gada?”

Ta tsaya tana tunani, tsintsiyar a haɓarta. “Kai ɗan nan, ni da ko bakin titi ba na fita? Lafiya dai ko?”

Gadoji uku ne a garin, kowace da unguwanni a hayinta. Mai Aski ya koma mota. Ya dubi rubutun da ke bayan hannunsa, gumi ya fara narkar da shi, ya goge shi da gefen riga.

“Layin masu kayan famfo,” ya ce wa Auta. “A can yake saye. Dole wani ya sani.”

Sha ɗaya da rabi suka shiga layin. Shaguna ne dama da hagu, bututun roba jingine a bango, kawunan famfo rataye a igiya. Shagon farko suka ambaci Injiniya, mai shagon ya yi dariya ya ce wannan ai ba wanda bai san shi ba, mutumin da yake duba bututu kamar zai aure shi. Gidansa fa? A'a, shi dai nan yake ganinsa. Na biyu ya ce ya taɓa jin ya ce yana hawa bene. Na uku ya ciro waya ya kira lambar nan dai da take a kashe. Kafin su kai ƙarshen layin mutum bakwai sun biyo su, kowa da labarin da ya sani na Injiniya, wani ya gyara masa injin gida a ranar ruwa, wani sun yi musun ƙwallo har suka kwana uku ba sa magana, amma ba ko ɗaya da ya taɓa taka ƙofarsa.

Wayar ta sake ƙara. Likita ce.

“Baba, an same shi?”

“Muna nema.”

“Na tanadi gado, na tanadi maganin. Don Allah ko wane hali kuka same shi, kar ku tsaya ko'ina.”

Ya jingina da motar, ƙarfen ya ƙona masa baya, bai matsa ba. Me ya sa bai karɓi lambar yarinyar nan ba ranar da ta durƙusa a gabansa? Minti ɗaya ne. Me ya sa bai ce mata ta koma taga ta canja lambar ba? Shi da ya san tasa ya bayar. Ya rufe ido ya shiga tono duk hirar da suka yi shekara da shekaru, wadda yawancinta da rabin kunne yake ji, hannunsa na kan aiki. Injiniya yana ƙorafin ciwon gwiwa. Yana ƙorafin ɗansa namiji da ya tafi aiki nesa, sai an yi wata biyu kafin ya kira. Yana yabon 'yar, kullum yabon 'yar, wai ba ta ɗauko ƙwaƙwalwarsa ba, ta uwarta ta ɗauko, shi ya sa ta zama malama.

Ya buɗe ido. “Lissafi take koyarwa. A makarantar 'yan mata. Ya ce shi ya ɗora musu tankin ruwa.”

“Biyu ce fa, Yaya. Ɗaya a gabas, ɗaya a yamma.”

“Wacce ta fi kusa?”

Ta kusan ce suka fara zuwa, kuma ba ita ba ce. Malaman lissafinsu uku ne, duk maza. Kafin su fito ƙarfe ɗaya ta wuce, hanya ta cushe. Wata babbar mota ta lalace a tsakiyar titi, motoci suka yi cirko-cirko ba gaba ba baya. Mai Aski yana zaune hannunsa a kan gwiwa. Can ya buɗe ƙofa ya ce zai tafi da ƙafa. Auta ya riƙo rigarsa.

“Ka isa can da ƙafa sai la'asar. Zauna, Yaya.” Ya hau da motar gefen titi, ya kutsa ta wani lungu da ko shi bai tabbatar yana ɓullewa ba.

Biyu saura kwata suka isa makaranta ta biyu. Ƙofar ƙarfe ce a rufe, maigadi yana zaune daga ciki da littafin baƙi a cinyarsa.

“Wa kake nema?”

“Malamar lissafi. Doguwa, mai tabarau.”

“Sunanta?”

“Ban sani ba.”

“Kai wane ne nata?”

“Mai askin babanta ne.”

Maigadin ya dube shi daga sama har ƙasa. Sai a lokacin Mai Aski ya tuna har yanzu rigar aikinsa ce a jikinsa, duk gashi, ga almakashi da mataji sun leƙo daga aljihu.

“Malam, nan makarantar 'ya'ya mata ce. Ba suna, ba shiga.”

“Ran mutum ne, bawan Allah.”

“Kowa haka yake cewa.”

Mai Aski mutum ne da maƙwabtansa ba su taɓa jin muryarsa ta wuce ƙofar shago ba. Ranar nan ya kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu yana jijjigawa, yana ƙwala kira, “Malamar lissafi! Wadda babanta bai da lafiya! A taimake ni!” Kawuna suka fara leƙowa ta tagogin azuzuwa. Maigadi ya miƙe yana zare ido. Sai ga wata dattijuwa ta fito daga ofis, alli a hannun rigarta, ta ce ita ce shugabar makaranta, wane ne yake tayar mata da hankalin ɗalibai? Ya faɗa mata, maganar tana harɗewa, yana komawa baya yana sake farawa. Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ce malamar ta ɗauki hutu tun Litinin tana jinyar mahaifinta. Ta danna wayarta, ta miƙo masa ta tsakanin ƙarafan.

“Malama, ni ne mai aski. Wanda ya kai Baba asibiti.”

“Kawu! Ina wuni? Wallahi ina ta son in zo in ƙara godiya.”

“Ina Babanki?”

“Yana barci. Tun jiya zazzaɓin ya dawo, amma ina ba shi maganin a kan lokaci. Takardar ta ce a dawo bayan sati biyu.”

“Wayarsa fa? Tun safe nake kira.”

“Ni na kashe ta. Masu aiki ne suke ta damunsa, shi kuma yana ji sai ya ce zai tashi. Kawu, lafiya?”

Ya gaya mata abin da Likita ta ce, a gajarce. Ya ce ta je ta tashe shi yanzu, kar ta kashe wayar. Ya ji takun ƙafarta, ya ji ƙarar ƙofa. Ya ji ta ce, “Baba.” Ta sake cewa, “Baba, tashi.” Sai wata murya ta amsa, mai nauyi, kamar ta mutumin da ya cika bakinsa da ruwa. Daga nan sai ihunta.

“Kawu, bakinsa ya karkace! Hannunsa ba ya ɗaguwa! Da azahar fa na ba shi ruwa ya sha da kansa!”

Mai Aski ya riƙe ƙofar. “Ina ne gidan? 'Yata, daina kuka, gaya mini gidan.”

Hayin gada ta uku ne, bayan wurin wankin mota, gidan haya mai hawa uku, su suna can sama. Shugabar makaranta ta rubuta masa lambar malamar a tafin hannu. Yadda Auta ya tuƙa motar nan, shi kansa daga baya ya ce ba zai iya maimaitawa ba.

Matakalar gidan ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. Mai Aski ya hau yana haki, ƙirjinsa kamar zai tsage. Ɗakin ƙarami ne, tsaf da shi. Ga fanka tana juyi, ga kwanon ruwa da tsumma a gefen gado, ga jakar kayan aikin a bayan ƙofa. Injiniya yana kwance, rabin fuskarsa ya zube, idonsa biyu, yana kallonsu. A bango daidai kansa an manna takardar sallama da salatif. Layi uku ne kacal a jikinta: sunan magani, sau uku a rana, a dawo bayan sati biyu. A ƙasanta Malama ta ja layuka da rula, safe, rana, dare, ta yi alama a gaban kowane lokaci da ta ba shi. Ba ta tsallake ko ɗaya ba.

“Duk abin da aka rubuta na yi,” take ta faɗa, tana neman takalminta alhali yana ƙafarta. “Kawu, ka duba, duk na yi.”

“Na gani. Kamo bargon nan.”

A bargo suka sauko da shi, Auta da wani maƙwabci a ƙasa, Mai Aski da Malama a sama, kowace kwana sai sun tsaya sun karkata shi. A mota aka ɗora kansa a cinyar Mai Aski. Auta ya danne hon bai ɗaga ba, hannunsa ɗaya a waje yana roƙon hanya. Injiniya ya kama wuyan hannun abokinsa da hannun hagu, wanda ya rage masa, ya matse. Yana ta son ya ce wani abu, leɓensa yana motsi, ba abin da ke fita sai iska da yawu. Mai Aski ya goge masa da gefen rigarsa.

“Yi shiru. Mun kusa. Kar ka wahalar da kanka, mun kusa.”

Ba su kusa ba, amma haka ya yi ta faɗa har suka isa.

Likita tana tsaye a ƙofar sashen gaggawa da gadon turawa da nas biyu. Yarinya ce ashe, ba za ta girmi Malama ba. Ta ɗaga hannun Injiniya na dama ta saki, ya faɗo. Mai Aski ya ga yadda ta cije leɓe. Aka tura shi ciki, ƙofa ta rufe.

Suka zauna a benci a baranda. Malama ta cire tabaranta ta riƙe a hannu, tana kallon ƙasa. An fi awa biyu kafin Likita ta fito. Ta ce an fara allurar, an ɗauki hoton kansa. Abin da take tsoro ne ya faru, wani ɗan guntu ya ɓalle daga zuciya ya toshe hanya. Yana da rai, kuma tana sa ran zai rayu. Hannun da maganar kuwa sai abin da lokaci ya nuna.

Malama ta miƙe tsaye. Muryarta ba ta yi sama ba.

“Ranar da aka sallame mu na tambayi nas ko akwai wani abu kuma. Ta ce ba komai, mu tafi, ana jiran gadon. Ba wanda ya ce mini akwai gwajin da bai fito ba. Da an ce mini, da a ƙofar ɗakin gwajin zan kwana.”

“Ya kamata a gaya miki. Ya kamata a rubuta a takardar, da ranar da zai fito, da wanda za ki nema. Ya kamata a ce in zazzaɓi ya dawo ki kawo shi a ranar. Ba a yi ba.”

“Da an kira ranar Talata, da haka ta faru?”

Likita ba ta kawar da ido ba. “Ba zan iya rantsuwa ba. Amma ina ganin da wuya ya kai haka.”

Malama ta gyaɗa kai, ta koma ta zauna, sai a lokacin kukan ya ƙwace mata. Mai Aski ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, “Laifina ne, 'yata. Ni na ba da lambata, kuma ban gaya miki ba.” Ta girgiza kai. Sai can ta ce, “Ni na kashe wayar, Kawu.” Auta da ke tsaye jikin bango ya ce, cikin ɓacin rai, su daina rabon laifin da ba nasu ba.

Sati shida Injiniya ya yi a asibiti, ana yi masa allura dare da rana. Zazzaɓin ya tafi a sati na biyu. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan, har yana takawa da sanda. Maganar ta dawo rabi, sai an kasa kunne. Hannun dama bai dawo ba. Ɗansa ya zo ya yi kwana biyar ya koma bakin aiki. Malama ta kai ƙara ofishin shugaban asibiti a rubuce, shafi huɗu, aka kira ta aka ba ta haƙuri, aka ce za a gyara tsari. Ko an gyara ko ba a gyara ba, Mai Aski bai sani ba. Shi dai duk bayan kwana biyu yana rufe shago da wuri ya je ya zauna a gefen gadon.

Ranar sallama ta biyu shi da Auta suka zo ɗaukar kaya. Wannan karon takardar shafi biyu ce, Likita da kanta ta zauna ta bi ta da Malama layi-layi: wane magani na mene ne, wace rana za a kawo shi a gasa masa hannun, wace alama in an gani ba a jira. Malama tana rubutawa a littafinta, tana maimaitawa. Ta sa aka ciro katin, aka soke tsohon adireshi a gabanta, aka rubuta nata da lambarta da ta ɗan'uwanta. Aka kira Likita wani ɗakin, ta yi musu sallama ta tafi. Auta ya saɓi jaka, Mai Aski ya kama Injiniya ya miƙe.

Har sun kai ƙofa Malama ta juyo ta tambayi nas, “Akwai wani gwajin da bai fito ba?”

Nas ta buɗe fayil, ta juya shafi, ta sake juyawa. “Saura ɗaya, na ƙoda, wanda aka ɗiba da safe. Ba wani abu ba ne. Zuwa yamma zai fito, za mu kira ku.”

“Ba sai kun kira ba. Muna nan.”

“Hajiya, ana jiran gadon fa.”

“A ba mai jira. Benci ya ishe mu.”

Auta ya dubi yayansa, ya sauke jakar. Suka zaunar da Injiniya a bencin baranda, aka sa masa filo a baya, aka ɗora masa hannun daman a cinya. Awa uku da rabi suka yi a wurin. Mutane suna wucewa da kwanukan abinci da takardu, wasu suna kallonsu. Da sakamakon ya fito Malama ta je da kanta ta karɓo, ta nemo Likita har ɗakin yara, ta tsaya a kanta sai da ta karanta ta ce lafiya ƙalau yake, ta sa hannu a ƙasa. Sannan ta dawo ta ce, “Baba, mu tafi gida.”

Suka fita a hankali, ita a dama, Mai Aski a hagu, Auta ya yi gaba ya matso da motar bakin ƙofa.